Zagayen Damina

Ran da aka rufe makarantu
Haladu ya ɗaga bonet ɗin Fijo,
ya ba ta ruwa kamar mai shayar da tsohuwar goɗiya.
Shi ya ɗaura mata ƙofar hagu a Kakuri,
shekara talatin da 'yan kai,
shi ya sa ba ya yarda a buga ta da ƙarfi.

Ni kuwa na ƙulle kuka da daddawa,
man shanu a gwangwanin madara,
maganin hawan jininsa a jakata, don mantuwa gare shi.
Makulli na ba Maman Istifanus ta maƙwabta,
na ce ta riƙa leƙa min kaji.

Fansho bai shigo ba. Muka tafi a haka.

Zariya tukuna. A Samaru, Zulaihatu
ta shimfiɗa mana zanen gadon da ba a taɓa kwana a kai ba,
ta hana ni taɓa ko ludayi.
Ni da na koya mata hura wuta,
yau ni ake kawo wa ruwa a faranti.
Jikoki suka gaishe mu, ido na kan waya.
Sai da hadari ya haɗo, lantarki ya ɗauke,
suka rarrafo gindin kakansu
ya ba su labarin jirgin ƙasa mai cin gawayi.
Ya ƙara gishiri. Ina ji, ban ce uffan ba.

Kwana shida. Baƙo raɓa ne.

Hanyar Saminaka masara ta yi goyo,
kore shar, ido bai ga ƙarshenta ba.
Dab da Pambeguwa Fijo ta yi tari, ta tsaya.
Ya ce mai ne. Na ce tsufa ne.
Ya ce, na wa?
Muka zauna a inuwar ɗorawa muna jiran makanike,
muna gaigayar gasasshiyar masara,
haƙoransa goma na aikin talatin,
sai na tuna rabona da zama da shi haka,
ba ƙararrawar makaranta, ba kukan yaro,
tun kafin in haifi Nafi'u.

Nafi'u ya yi furfura a gemu.
Ba wanda ya gaya min;
a waya murya ba ta nuna furfura.
Da yamma ya zaga da ubansa gona,
ina hangen su daga bakin rijiya,
tafiya iri ɗaya, hannu a baya,
na kasa rabe wanda na aura da wanda na goya.

A Kafanchan yayarsa Dije na kwance gefen taga.
Ta dube shi, ta daɗe tana dubawa,
sannan ta kira shi da sunan mahaifinsu.
Ya amsa.
Ya ɓare mata ayaba, ta ci rabi.
Daga nan bai sake magana ba sai Kachiya,
inda ya tsaya ya sayi citta
fiye da abin da za mu sha a shekara.

Muka haye gada da la'asar sakaliya,
kogi ya cika ya batse, ja kamar kunun kanwa.
A Kabala kabewa ta haura katanga ba sallama,
kazar nan mai wake-wake ta ƙyanƙyashe bakwai,
Maman Istifanus ta ce takwas ne, shaho ya karɓi zakka.

Gida shiru, sai warin ɗakin da ya daɗe a rufe.
Muna sauke buhun masara daga but
sai ga takalmi, wari guda, na roba, ruwan hoda,
bai kai tafin hannuna ba.
Na Ummita ne, autar Zulaihatu.

Na ce a ba direban Zariya gobe.
Haladu ya goge shi da bakin rigarsa,
ya ajiye a gaban mota, kusa da carbi.
Ya ce, direba ai yar da shi zai yi.
Bari fansho ya shigo.