'Yar Tsito

Rumfar cajina tana bakin kasuwar Auyo,
faifan sola biyu a sama,
wayoyi arba'in a shanye kamar kifin banda.
Nan Jazuli ke zama bayan la'asar
da wayar yayansa mai tsagaggen gilashi,
yana kiwon dabbobin da ba sa cin dusa.

Akwai wata mitsitsiya a garken,
launin toka, kunne ɗaya a karye.
'Yar Tsito ya raɗa mata.
Dabarunta huɗu ne kacal:
yakushi, zilliya, watsa ƙasa a ido,
da wani ɗan kuka siriri
mai sa abokin faɗa gyangyaɗi.

Ran da ta taka mataki na ashirin
wayar ta yi walƙiya, ta yi tambaya:
tana son rikiɗa, ka yarda?
Yara suka yi cincirindo har suka tare mini iska.
Dayyabu na tsalle: Danna mana!
Ƙaho za ta yi, wuta za ta amayar,
bugu ɗaya ta kwantar da dodon kogo!
Jazuli ya danna a'a.

Na ce, yaro, wa ke ƙin girma?
Ya ce, Baba Tasi'u, in ta girma da wuri
akwai abin da ba za ta taɓa koya ba.
Ƙanana kaɗai ake koya wa,
sai mataki na talatin da biyu:
lasar rauni har ya warke.

Ban san wasan ba, amma na san zancen.
Na ga shinge da ruwan fari,
rana tsaka ya samu fiffike, ya rufe fitila,
kafin asuba yana cikin kwanon suya.

Kwana goma sha ɗaya Dayyabu na lallasa shi,
ana masa eho har bakin rijiya.
Ya cije.
Ranar kasuwa, Tsito ta koyi lasar rauni,
ya ba da yakushi a madadinta.
Sannan ya ja numfashi, ya ce to.

Gilashin ya yi fari fat.
Abin da ya fito ya cika fuskar wayar:
ƙirji kamar turmi, sulke a gadon baya,
kunnuwa biyu garau, babu karyayyen.
Ƙarfi ya ninka. Gudu ya ragu da rabi,
wadda da ba a taɓa ta, yanzu sai ta tsaya a doke ta
kafin ta rama.

Wayar ta sake magana:
ga aman wuta, amma gurbi huɗu ne,
wanne za ta manta?
Babban yatsansa ya yi ta shawagi
kamar shirwa a kan tsaki.
Ya sauka kan ɗan kukan nan.

Ya ci Dayyabu kafin a kira magariba.
Yara suka ɗauke shi sama.
Da suka watse ya miƙo mini kuɗin caji,
ya ce, Baba, ana iya mayar da ita?
Na ce, ni wuta nake sayarwa.

Da dare, ina naɗe igiyoyi,
na murɗa leɓe in yi fiton da nake kiran tumakin babana
daga can ƙarshen fadama.
Iska ce kawai ta fito.