Littafin Abin da Ya Dawo

Ran da biron bakin hanyar Ɗan Isa ya rufe
amalanke uku muka loda:
kujerun juyi da suka manta juyi,
tebura masu zoben kofin shayi a fuska,
kabad guda, makullinsa ya bi mai shi Yamai.
Masu gadi suka ce, itacen girki ne.
Baba Nomau bai tanka ba.
Ya bi katako ɗaya ɗaya da bayan yatsa
kamar mai zaɓen kankana,
ya ƙwanƙwasa, ya kasa kunne.

A rumfarmu ta Bagalam akwai littafi,
ba na bashi ba, ba na ciniki ba.
Abin da ya fita ya dawo, shi ake rubutawa.

Shafin farko, kujerar malamin Jiratawa.
Ƙusa huɗu muka buga mata, muka shafe da fenti,
ta yi kyan ɗan maciji.
Wata biyu ta zubar da malam gaban yara sittin.
Da kansa ya kawo ta bisa babur,
karyayyar ƙafar a hammata.
Baba ya sha kunya har ya ƙoshi,
sannan ya lashi fensir ya rubuta:
Ƙusa maƙaryaciya ce.
A huda, a sa fegi da gam, a bari ya kwana.

Tun ranar babu kujerar da ke fita
sai Barmo mai tsire ya hau ta,
Barmo da ke rinjayar buhun gero a sikeli.
Ya jingina, ya karkata, ya ƙyalƙyale da dariya.
In ta yi ko tari, ta koma ciki.
Ladansa shayi, na farko, mai ɗaci.

Shafi na tara, gara.
Damina guda ta cinye ƙafafun tebur a likitar Safo.
Muka tsoma ƙafafu cikin baƙin mai,
muka karkaɗe hannu, wai mun gama.
Shafi na goma, baƙin man
ya ɓata farin zanen ungozoma Cima,
ta zo ta yi mana wankin babban bargo.
Yanzu gwangwanin tumatir muke yankawa
mu yi wa kowace ƙafa takalmi.
Maganin jiya ya zama ciwon yau.
Baba ya ce, rubuta.

Na sha huɗu ba karaya ba ce.
Can ƙuryar aljihun teburin da muka sayar
aka tsinci hoton wani yaro mai giɓi.
Kwana shida ina bin Zariya da Mokoyo a ƙasa
kafin in dace da uban.
Ya riƙe hoton da hannu biyu.
Bai ce na gode ba. Bai iya ba.
Yanzu kafin lodi kowane aljihu sai an zare,
an kife, an kaɗe gaban mai biro.
Sirrin mutum ba kayan gwanjo ba ne.

Alhamis bayan la'asar mukan share garin katako,
Jadi ya karanta mana kurakuranmu da ƙarfi
har mai ɗinkin maƙwabta ya haddace su.
Na taɓa tambaya, Baba, yaushe zai cika?
Ya ce, in ya cika, akwai wani a Kadro,
dala arba'in.

Jiya yana gyangyaɗi bisa benci.
Mai tebur na jira, jakinsa na jira,
kuɗin ma sun shiga aljihuna.
Na shafa saman, sumul kamar goshin jariri.
Ban san abin da ya kai tafina ƙarƙashi ba,
inda ido ba ya zuwa,
inda gwiwar wani za ta zauna shekara goma.
Sartse ya soke ni.

Ba wanda ya gani.

Na ce wa mutumin, ka yi haƙuri, sai gobe.
Ya tafi yana ƙunƙuni.
Na buɗe shafi na hamsin da biyu,
ɗigon jini ya riga fensir sauka.
Na rubuta: A shafa ƙasa kamar sama.
Wannan bai dawo ba,
don bai fita ba.