Nauyin Mai Barci

Mun bar Manteigas ƙararrawar coci ba ta buga biyar ba.
Motar ko tari ba ta yi,
tana silalewa da lantarki kamar mage a kan katanga.
Baba Gervásio na gefena, hularsa a cinya,
takardar likitan Coimbra a aljihun kwat.

Dillalin da ya sayar min da ita a Guarda
ya ce, yana shafa ƙofarta:
"Dona Benedita, lita biyu, kilomita ɗari,
sai kin manta hanyar gidan mai."
Bai yi ƙarya ba. Bai dai faɗi duka ba.
Lita biyun nan ta mai kwana kusa da soket ce,
wanda tafiyarsa ba ta wuce kasuwa da makarantar yara.

Ni kuwa dutse ne a gabana.
Hawan ya tsotse cajin tun gari bai waye ba,
koren allo na ragewa layi bayan layi,
a kilomita ashirin da uku sai ga sifili.
Inji ya farka da gurnani
irin na wanda aka tasa aiki ranar hutunsa.

Daga nan fetur ke magana.
Shida. Bakwai. Bakwai da ɗigo huɗu.
Batirin na kwance ƙarƙashin kujerar baya,
nauyin tumaki huɗu,
ba ya ja, ba ya turawa.
Goyo ne, kuma ba a sauke goyo a tsakiyar hanya.

Na waiga. Baba ya yi barci, baki a buɗe.
Mutumin nan ya hau wannan dutsen da ni a wuyansa,
cuku a jaka, sanda a hannu,
garke na binsa cikin ƙanƙara,
ban taɓa jin ya ce na yi nauyi ba.
Yau watansa bakwai yana kirana Idalina,
sunan ƙanwarsa da ta rasu tun ban zo duniya ba.
Ni ke sa masa takalmi.
Ni ke lissafin mai, da magani, da ranakun da na bar aiki,
kuma ina jin kunyar lissafin.

Sai gangara ta zo, wajen Gouveia.
Na ɗora ƙafa a burki, a hankali,
abin da tudu ya ƙwace, kwari ya fara biya.
Layi ɗaya ya dawo, kore, siriri kamar tsinke.
Inji ya yi shiru.
Cikin shirun na ji kararrawar tumaki daga nesa,
shi ma ya ji.

"Dita," ya ce, "rage gudu,
garken Abílio kan tsallaka a wannan kwanar."

Abílio ya shekara goma sha biyu a ƙasa.
Amma Dita ya ce.
Na riƙe sitiyari da hannu biyu,
ina tsoron ko numfashina ya zubar da abin.

Kilomita huɗu ya kai mu.
Hanya ta miƙe, layin ya ɓace,
gurnani ya dawo, Baba ya koma inda yake zuwa.

A gidan mai yaron da ke karɓar kuɗi
ya leƙa ƙofar caji, ya leƙa rasit.
"Wai da gaske irin wannan ba ta shan mai?"
Na ce, ya danganta da wa ya kwana yana ba ta,
da kuma nisan da aka ce ta je.
Ya yi dariya, bai gane ba, ya miƙo canji.

Na rubuta a littafi: bakwai da ɗigo ɗaya.
Ban rubuta huɗun ba, babu layinsu.

In mun koma, ko dare ya raba,
zan zaro waya ta tagar kicin,
in ja ta bisa tukwanen furanni har bakin titi,
in jona,
in shiga in cire masa takalmi.