Ɗumame

A ƙarƙashin teburinmu, nan Agege,
akwai tsohuwar kwamfuta da na yi ciniki a Ikeja,
murfinta ɗaure da roba,
fankarta na tari kamar tsohon mashayin taba.
A cikinta na tara gidanmu kaf:
biki, suna, finafinan yara,
da kasat ɗaya tak na Baba Tanimu
ran da ya dawo daga Makka,
yana dariya a bakin rumfar goro.

Bidiyon babbar riga ce,
wayar Inna Lantana kuwa 'yar mitsitsiya.
Sai kwamfutar ta zama tela,
ta rage hannu, ta datse tsawo,
ta zubar da ƙyallen da take zaton
ido ba zai nema ba.
Tana ɗinki tana nishi,
zobe na juyawa a fuskar waya,
Inna na jan carbi.

In ta gama, takan ajiye aikin kusa,
kamar tuwon dare a rufe da kwano.
Da asuba ba niƙa, ba tankaɗe.
Ɗumame kawai.
Inna ta taɓa, Baba ya fito.

Ranar wata Laraba rumbun ya cika.
Na share ajiyar kusa, ban duba ba,
shara ce, in ji ni.
Daren nan aka ɗauke wuta,
ruwa kamar da bakin ƙwarya,
janareta ba ko ɗigon mai,
batir na numfashin ƙarshe.
Na ce wa tela: yi sauri, ɗinka ko yaya.

Baba ya fito a dabbare,
fuskarsa 'yan murabba'ai kamar tabarmar roba,
aikin hularsa ya narke.
Inna ta matso da wayar dab da hanci.
"Ina zanen kuncinsa?
Uku ne a dama."
Na ce shi ne, Inna, matse shi aka yi.
Ta ce, "Ƙasa ta matse shi sau ɗaya.
Ai ya isa."
Ta kife wayar a kan darduma.

Ban yi barci ba.
Na san na asalin na nan cif, ba abin da ya taɓa shi,
amma je ka faɗa mata.

Kuɗin takalmin da na yi wata biyu ina tari
na kai Ikeja, na dawo da sabon rumbu a aljihu.
Na bar tela ya kwana kan aiki, a tsanake,
zare bisa zare, har zanen nan uku.
Na ware masa lungu, na hana tsintsiya shiga.

Yanzu kafin yaran danfo su fara kiran Oshodi,
ta bango nake jin dariyarsa,
sai muryarta tana ce masa
ya gyara hular, ta karkace.