Garin Baba Lawandi

An ɗauke wuta tun la'asar a Ƙofar Sauri,
batir ya rage talatin da huɗu,
ni kuwa na kasa sauke mutanena.
Su biyu ne tak, da jaki, da tuta,
wasan ya yar da su inda ko akuya sai ta yi tsaki:
yamma rairayi, gabas fako da duwatsu,
kogi can arewa, siriri kamar zaren ɗinki.
Taku biyar ne, in ji lissafi,
kuma duk takun da na yi, wani na can yana ɗaga ganuwa.

Sau huɗu ina rushe duniya in sake ta.
Sau huɗu tana dawowa da sabuwar rowa.

Baba Lawandi ya kashe rediyonsa,
ya jawo tabarma har gefen ƙafata.
Shekara arba'in yana haƙa rijiya
daga Kaita har ƙauyukan Jibiya,
yanzu ido ɗaya ya rage mai aiki, da shi ya leƙo.
"Mutari, mi ka tsare da ido kamar mai jiran gado?"
Na ce gari zan kafa, ƙasar ce ba ta da kirki.
Ya ce, "Wannan shuɗin ruwa ne?"
Na ce ruwa ne.
"To bar shi. Abin da ka hango, kowa ya hango.
Bakin kogi kasuwa ce ta masu mashi."

Ya ɗora yatsa kan gilashin, ya bar mini tabon goro.
"Ina gawo? Ina shurin gara?
Ina inda ciyawa ke jinkirin bushewa?"
Na ce Baba, ba su zana waɗannan ba.
Ya ce, "Ashe makaho ya yi taswirar."

Muka yi ta ja, batir na zuba kamar tulu mai tsaga.
Ni ina ƙirga abinci da zinariya,
shi yana tambayar ta ina iska ke bugowa,
ina mata za su ɗebo itace,
in an mutu, ina za a kai mutum.
Ban taɓa jin mai wasa ya nemi maƙabarta ba.

Da na kai hannu zan sake rushewa,
ya riƙe ni, tafinsa kamar bayan kuka.
"Na taɓa nuna wa mutane wuri," ya ce.
"Gida sha tara suka kwance danga suka biyo ni.
Gaba ashirin da biyu na haƙa,
na tarar da dutse, baƙi, ko gumi ba ya yi.
Da rani ya tsananta suka watse,
ba wanda ya zage ni, shi ya fi ciwo.
Tsamiyar Tanko sunan wurin.
Yau ko tsamiyar babu."

Ya yi shiru. Sauro ya samu fili.

Sannan ya nuna gindin tsauni, taku biyu,
dutse a baya, ɗan kore kaɗan a gaba,
wurin da lissafina ya ba maki uku cikin goma.
Na sauke jakin. Na kafa tutar.
Wasan ya tambayi suna,
na rubuta ba tare da na dube shi ba.

Garin ya tashi da ƙyar, kamar gero a shekarar fari,
bukka, rumbu, sai maƙera guda.
Maƙwabcin arewa ya cinye kogin,
wasu biyu suka taso masa da wuta.
Ana cikin haka gilashin ya yi duhu.

Da asuba, ina alwala, na ji sandarsa a bayana.
Bai ce ina kwana ba.
"Mutari, mutanen nan namu,
sun samu ruwa kuwa?"