Katin Gidan Farzana

Kati ya zo da ruwan zinare a bakinsa,
rubutu kamar ajami, amma na kasa haɗa baƙinsa.
Ɗan Farzana zai yi aure,
Farzana matar mai injin matsar gyaɗa,
wadda shekara tara nake kai wa zogalen Jiratawa
kowace Laraba, ta ba ni shayi mai madara,
mu yi hira rabi da baki, rabi da hannu.

Na ce amin. Na dawo gida Mokoyo,
na buɗe akwati, sai barci ya ƙaura.

Kwana uku ne, in ji jikata Balki,
ta karanta a waya tana lanƙwasa harshe:
daren lalle a sa rawaya ko kore,
ranar ɗaukar amarya kada a sa ja,
ja nata ne, ba a raba ta da shi.
Fari kuwa a yi hattara,
wai a can yana tafe da zaman makoki.
Na ce, to ni farar shaddata ta Salla
mutuwar wa ta taɓa sanarwa?

Habsu maƙwabciya ta leƙo ta katanga:
“Cima, mutanen nan ƙyalli suke ci.
In ba ki walƙiya kamar kwanon sabon shago,
zauna gida ki aika da gaisuwa.”

Na ɗauki jika goma sha biyu na adashe
na kai wa Iro tela, bayan babbar kasuwa.
Na nuna masa hoto: riga har gwiwa,
wando mai faɗin sama, matsattsen ƙafa,
da gyale a rataye kamar an manta da shi.
Ya ce, “Hajiya, ai wannan wasa ne.”
Ran Alhamis na gwada a ɗaki.
Madubi bai yi ƙarya ba:
buhun gero ne aka ɗaure da tsawo.
Balki ta yi dariya har ta sarƙe da ruwa.

Da dare na kai hannu ƙasan akwati,
inda ƙamshin turaren wuta ya tsufa.
Zanen Inna na nan, saƙi, rinin baba,
shuɗin da ke shafa wa fata launi,
bakinsa ɗaya ɓera ya ɗanɗana.
Ba rawaya ba ne. Ba kore ba ne.
Amma da shi ta je bikin kowa a Bagalam,
ba wanda ya taɓa tambayar ta kati.
Na naɗe cizon ɓeran ciki,
na sa ƴan kunnen azurfa, na ɗaura kallabi.

A ƙofar gidan, zuciya na daka sakwara.
Fitilu ƙanana sun hau bishiyar dogon yaro,
ƙamshin shinkafa da kanumfari ya tare titi,
mata na tafi, wani ɗan ganga na amsawa.

Sai ga Farzana.
Atamfa ce a jikinta, riga da zane,
ɗinkin Iro — na gane karkataccen wuyan nan ko a duhu.
Zanen na zamewa, ta riƙe da hannu ɗaya,
ɗankwali ya kwanta mata a kunne
kamar kaza ta sha ruwan sama.
Ta ce, “Cima, sati biyu ban yi barci ba.
Baƙina rabi ƴan Maraɗi ne,
na ce me zan sa kada in ba su kunya?”

Na ajiye kwanon alkakin da na riƙo,
na ja ta bayan ƙyaure,
na kwance ɗaurin, na sake shi yadda Inna ke yi,
na soke mata zane a hagu, ya zauna.
Da muka fito, shuɗin babana ya hau yatsunta,
lallenta ɗanye ya ɓata mini hannun riga.

Har yau ban wanke ba.
Gobe walima; wannan kalmar, aƙalla,
ba sai Balki ta duba waya ba.