Jiniyar Ƙarfe Biyar

Kogin Sawney ya riga kowa zuwa.
Nan ya yi tuntuɓe da dutse, ya faɗi da ƙara,
wani attajiri ya jiyo faɗuwar,
ya ce a kafa masa masaƙa a kai.

Jan bulo ya tashi daga jar ƙasar Karolina.
Gidan manaja a ƙolin tudu,
namu a gangare, bayan layin dogo.

Kakata Verlie ta shiga tana 'yar sha biyu.
Ƙugin inji ya cinye magana,
sai ta koyi karanta leɓe.
Da yamma takan fito da auduga a ka,
furfurar aro kafin ta gaske.
Wadda ta shiga ƙirji ba ta fita ba.

Shekarar da ruwa ya ci gada,
Odell Tate a barandar coci ya ɗaure alfadarinsa.
Har yau shatin laka na bango.

An kwashe injina zuwa wata ƙasa,
tantabaru ke aikin dare a hawa na uku.
Kogin bai tambayi dalili ba.
Ni kuwa biyar na asuba nake farkawa,
don jiniyar da ban taɓa ji ba.